Yadda za ka gwada HDR da SDR a talabijin ɗin falonka

Tambarin HDR (tsarin hoto mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu) a jikin kwali yana nufin talabijin zai karɓi siginar, amma haska ta yadda ya kamata wani abu ne daban. Hoton SDR, wato tsarin hoton da aka saba, ana tsara shi a kan hasken nit 100; nit shi ne ma'aunin hasken allo. Fim ɗin HDR10 kuwa, wanda wani nau'in HDR ne, galibi a kan nit 1,000 ko 4,000, alhali yawancin talabijin masu araha ba sa wuce nit 300. Dole talabijin ya matse hasken fim ɗin zuwa iya ƙarfin allonsa. Idan matsewar ba ta yi kyau ba, ko dai hoton ya dusashe gaba ɗaya, ko wuraren ƙyalli su ƙone su zama fari fat.

Kafin gwaji, kashe tsarin tsimin wuta, wato Eco, domin yana rage fitilar bayan allo. Masu sola da inbata a nan Katsina sukan bar shi a kunne, su zo suna zargin talabijin. Idan ta wayar HDMI kake kallo, buɗe cikakkiyar sigina ga ramin da ka jona: Samsung na kiransa Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour.

Samo bidiyo guda mai sigar HDR da SDR, ka tsayar da su a wuri ɗaya. Nemi farar babbar riga a cikin rana, irin ta hawan sallah. Idan zaren aikin wuya ya ɓace cikin farin yadin, allon ya ƙone haske. Sai ka dubi fuskar baƙin mutum a inuwa, ka ga ko ido da kunci sun fito ko sun nutse. Wannan gwajin fuskar ya fi kowanne muhimmanci a gare mu. Idan akwai Dynamic Tone Mapping a saiti, wato tsarin da ke daidaita matsewar hasken gwargwadon hoton da ke kan allo, kunna ka kashe, ka sake duba rigar.

Yi gwajin sau biyu, da azahar da kuma bayan isha'i. HDR an tsara shi don ɗaki mai duhu, kuma da ya kunnu fitilar allo ta riga ta kai ƙurewa, babu abin ƙarawa. SDR kuwa kana iya ɗaga shi ya ninka nit 100 har ya rinjayi hasken taga. Idan allonka ɗan nit 300 ne kuma falon na shan rana, kalli SDR da rana, ka ajiye HDR sai dare, labule a sauke.