Kafin ki tambayi mace yaushe za ta ƙara haihuwa

Ni dai a gidan suna ba na cewa "yaushe za a yi masa ƙani?" Matar da aka yi wa aiki, ɗinki ma bai warke ba, me za ta ce miki? Ki yi barka, ki ce "Allah ya raya", ki zauna.

In aminiyarki ce, jira ku keɓe, ba gaban uwar miji ko kishiya ba. Gara ma ki bari ita ta ɗauko zancen. Wata ɓari ta yi, ba ta faɗa wa kowa ba. Wata kuma so take ta yaye tukuna, gudun kwanika.

In ta ce "sai yadda Allah ya yi", ta kashe maganar ke nan. Ki tambaye ta ko ta sha kunun kanwa.