Kurakuran sa sharaɗi wajen gina jeri a layi guda a Python

Duk Asabar ina zama da wasu matasa a Gwale muna koyon Python, kuma da wuya mu tashi ba wanda ya juyo min da kwamfutarsa ya ce, "Malam, ya ƙi tafiya." Idan na duba, yawanci `if` ce aka ajiye inda ba muhallinta ba a cikin jerin da ake ginawa a layi guda, salon da ya shigo Python tun sigar 2.0 a shekarar 2000.

Tushen rikicin shi ne `if` ɗin nan iri biyu ce, suna kawai suka haɗa. Wadda ke zuwa a ƙarshe rariya ce, tankaɗe take yi. A ce `maki = [72, 38, 0, 55]`, sai ka rubuta `[m for m in maki if m >= 40]`, abin da zai fito 72 da 55 ne, sauran sun tafi da tsaki. Ita kuwa wadda ke zuwa kafin `for`, da `else` take tafiya, kuma aikinta irin na marinan Ƙofar Mata ne: turmi huɗu ka kai, huɗu za a dawo maka da su, launi ne kawai ya sauya. `["ci" if m >= 40 else "faɗi" for m in maki]` amsa huɗu zai ba ka cif. Wannan ta biyun ma sai a sigar 2.5, a 2006, aka ƙaro ta.

Mai koyo sai ya cakuɗa su, ya rubuta `[m for m in maki if m >= 40 else 0]`, Python ta ce `SyntaxError`. Rariya ba ruwanta da `else`. Ka dawo da sharaɗin gaba: `[m if m >= 40 else 0 for m in maki]`. Haka in ka sa `if` a gaba ka bar `else`, ƙorafin ɗaya ne. Kafin ka taɓa madannai ka tambayi kanka, rage adadi nake so ko sauya kama?

Waɗannan da sauƙi, tunda kwamfuta na yin kuka. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ke wucewa shiru. Wata ɗalibata tana haɗa wa makarantar da take koyarwa sakamakon jarrabawa, ta sa `None`, wato alamar "babu komai" a Python, ga yaron da bai zauna ba, jerin ya zama `[72, 38, 0, 55, None]`. Don ta cire shi sai ta rubuta `[m for m in maki if m]`. Ya fita kuwa, amma ya ja wanda ya ci sifili sun fita tare, domin a wurin Python 0 da `None` da rubutun da babu komai a cikinsa duk ƙarya ne. Matsakaicin makin aji ya fito 55, alhali 41.25 ne. Da ba ta ƙirga sunaye ba, da haka takarda za ta je hannun iyaye. Abin da ya dace shi ne `if m is not None`. Kuma in za ka haɗa shi da wani sharaɗin, shi za ka fara gabatarwa: `if m is not None and m >= 40`. In ka juya su, Python za ta gwada `None` da 40 ta tsaya da `TypeError`.

Ɗan'uwansa a ɓoyon kai shi ne `if aji == 1 or 2`. A baki daidai yake, aji ɗaya ko biyu, amma 2 ita kaɗai gaskiya ce kullum, don haka kowa ya wuce. Rubuta `if aji in (1, 2)`.

Sai masu neman `elif`, wadda ake ƙara wani sharaɗi da ita tsakanin `if` da `else`. Babu ita a nan. Ana iya jera `"A" if m >= 70 else "B" if m >= 60 else "C"`, zai yi aiki, amma ni da zarar rassa sun wuce biyu ba na yarda. Na ga layin da ya ɗauki darajoji shida, mai shi da kansa ya kasa karanta shi bayan sati biyu. Ware ƙaramin aiki da `def daraja(m):`, ka zuba `if` da `elif` ɗinka a sarari, sannan jerin ya zama `[daraja(m) for m in maki if m is not None]`.