Yadda za ki rubuta wa yara labarin wasan kurket

Kurket wasa ne da ɗan wasa ke jefa ƙwallo, na ɗaya ɓangaren ya buge ta da katako don samun maki. Da farko dai ki je ki kalli wasan da idonki, akwai filin kurket a sitadiyam na Moshood Abiola nan Abuja. Ki saurari ƙarar ƙwallo in ta bugi katako, ki kalli fuskar yaron da aka fitar daga bugu.

Na biyu, zaɓi yaro ɗaya kawai, mai abin da yake so da gaske. Misali yarinya a Nyanya da take atisaye da guntun katako da ƙwallon tanis a lungu, mamanta na ta kiranta wanke-wanke.

Sai dokoki, don Allah kar ki jibga musu duka a shafin farko, yaranmu ƙwallon ƙafa suka sani, gundura za su yi. Kaɗan ya isa: mutum 11 kowane ɓangare, jifa 6 sai a canza mai jifa, ƙwallo ta haye iyaka a sama maki 6, in ta gangara a ƙasa 4. Su fito daga bakin koci ko yayanta cikin hira.

In kina so su yarda abin mai yiwuwa ne, tuna musu 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya ta 2025 a Malesiya.

Kin gama? Karanta wa ƙannenki da ƙarfi, duk inda suka fara hamma ki yanke wurin.