Zuwa Zanzibar: kurakuran da mutanenmu suka fi yi wajen lissafin yanayi

Kuskure mafi tsada shi ne mutum ya auna tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya da lissafin damina da rani na gida. Wani ɗan yayana a ƙauyenmu, gefen Ringim, ya tara kuɗin riɗinsa ya tafi a Afrilu, wai bazara ce, babu aikin gona. Ashe tsakiyar daminarsu ya faɗa. Zanzibar kudu take da layin ikweta, babban ruwansu da suke kira masika daga Maris yake sauka zuwa Mayu, kuma a Afrilu ya fi tsanani. Da ya bugo waya cewa ya yi: "Baffa, kwana huɗu ke nan ta taga nake kallon teku." Har yau abin na yi mini ciwo, don na san gumin da ya zuba kafin ya haɗa kuɗin.

Akwai ƙaramar damina kuma, vuli, wajen Nuwamba, amma ita takan zubo ta ɗauke.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, ga iska mai sanyi, ruwa kuma kaɗan. Sai dai a lokacin muna tsakiyar noma, ba manomin da zai bar gero a gona. Shawarata ga namu ita ce Janairu ko Fabrairu, an gama girbi, amfani ya shiga rumbu.

A nan ne kuskure na biyu yake. Mutum ya baro hunturu da rigar sanyi, ya ji an ce zafinsu bai cika wuce digiri 33 ba, sai ya raina, tunda mu muna ganin 40. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe: gumi ba ya bushewa, rigar da ka shanya da safe har magariba da danshinta. Bar shadda mai sitaci a gida, ɗauki yadi mara nauyi, ka yawaita shan ruwa.

Wanda bai taɓa shiga jirgin ruwa ba kada ya cika ciki kafin tashi daga Darussalam, birnin gaɓar Tanzaniya da ake hawa jirgi zuwa tsibirin. Tafiyar kusan awa 2 ce, kuma idan iskar kudu ta taso daga wajen Yuni, igiya na jijjiga mutum sosai.

A Paje da Jambiani, ƙauyukan gaɓar gabashin tsibirin, teku kan janye nesa ta dawo sau biyu a rana, ka tambayi 'yan gari lokacin dawowarta kafin ka taka ciki. Katin rigakafin cutar shawara kuwa, sa shi cikin fasfo tun daga gida.