Kurakuran da masu dogon rubutu ke yi wajen sayen kibod

Duk wanda ke wuni a gaban kwamfuta, ɗan jarida ne, mai fassara ne, ko mai shagon buga wa ɗalibai takardu, akwai ranar da hannunsa zai fara kuka. Da farko ɗan tsami ne a wuyan hannu da yamma, daga baya kafaɗa ta shigo ciki. A lokacin ne ake tashi a nufi kasuwa neman kibod "mai daɗin hannu", kuma sau da yawa sai an kashe kuɗin sannan a ga ciwon yana nan inda aka bar shi.

Babban kuskure shi ne sayen kibod kafin mutum ya duba abin da ke wahalar da hannunsa. Ka zauna yadda ka saba, ka ɗora yatsunka a layin tsakiya, sannan ka kalli wuyan hannunka da kyau. A kan kibod na yau da kullum abu uku ke faruwa. Gwiwoyin hannu suna gefen jiki, yatsu kuma dole su haɗu a tsakiya, don haka wuyan hannu yakan karkace zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Sannan yakan lanƙwashe ya ɗago sama, domin maɓallan sun fi tebur tudu. Na uku, tafin hannu yana kife gaba ɗaya, alhali in ka saki hannunka ya huta za ka ga ya ɗan tsaya a gefe, yadda yake in za ka miƙa wa mutum ku gaisa. Akwai wata ƙuntatacciyar hanya a cikin wuyan hannu da jijiyar babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu ke bi, tare da igiyoyi tara masu motsa yatsu. Duk lanƙwasar da aka yi tana ƙara matsi a cikin wannan hanya. Aikin kibod mai kyau shi ne ya rage waɗannan lanƙwasa uku, kuma kowace ƙira da wadda ta fi gyarawa. In ba ka san wacce ke damunka ba, kana iya sayen maganin abin da ba shi ne ciwonka ba.

Daga nan sai tebur. Mutane na ɗora wa kibod laifin da na tebur ne. Teburan ofis da kafintoci ke yi sukan kai tsayin santimita 75, tsayin da ya dace da rubutu da biro, amma ya yi wa mutane da yawa yawa in za su buga rubutu. Sai ka ga mutum ya ɗage kafaɗu har kusa da kunne, gefen tebur yana gugar hannunsa wuni guda. Ko kibod mafi tsada a duniya ka ɗora a kan irin wannan tebur, ba abin da zai canza. Abin da ake so shi ne kafaɗu a sake, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, hannu daga gwiwa zuwa yatsu ya tafi a miƙe. In tebur ya yi tsayi, ɗaga kujera ka sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafunka, ko ka kira kafinta ya rage ƙafafun teburin. Mai aiki da laftof kuwa yana cikin tsaka mai wuya, don in ya ɗaga ta daidai idonsa hannu ya wahala, in ya sauke ta daidai hannu wuya ya wahala. Shi kam ko da kibod mai araha ne ya saya daban, ya ɗora laftof ɗin a kan littattafai, ya riga ya ci rabin riba.

Akwai kuma 'yan ƙafafun nan biyu da ke bayan kusan kowane kibod. Da an fito da shi daga kwali sai a buɗe su, a ganin haka ne daidai. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin gyara ne na kyauta amma ba a yi. Ƙafafun suna taimaka wa mai neman haruffa da ido ne kawai. Ga wanda ya iya bugu, ɗaga bayan kibod yana ƙara lanƙwasa wuyan hannu sama. Ka ninke su. Kibod ɗin da aka ƙera don dogon aiki ma akasin haka yake yi: Logitech Ergo K860, wanda ya fito a 2020, ƙafafunsa a gaba suke, suna karkatar da shi baya da digiri 4 ko 7, don hannu ya gangara maimakon ya hau.

Wani kuskuren shi ne son cikakken kibod mai jerin lambobi a dama, wai don kar a ce an sayi guntu. Cikakken yana da maɓalli 104 ko 105, wanda aka cire wa ɓangaren lambobi kuma yana da 87 ko 88. Wannan ɓangare yana ture maus can nesa, sai hannun dama ya yi ta miƙa da dawowa, kafaɗar dama ta ɗauki nauyin. In aikinka rubutu ne zalla, ɗauki gajere. In kai akawu ne mai wuni da lissafi, ana sayar da faifan lambobi shi kaɗai, ka ajiye shi a hagu ko ka jawo shi sai lokacin buƙata.

Sai masu tsalle daga ƙasa zuwa ƙoli. Kibod ɗin da aka yi don jin daɗin hannu iri-iri ne. Akwai mai jiki ɗaya wanda aka raba haruffansa biyu aka ɗan tudunta tsakiyarsa, irin wanda Microsoft ya shahara da shi tun 1994. Akwai mai ɓari biyu da za ka ware daidai faɗin kafaɗunka, kamar Kinesis Freestyle2 da ErgoDox EZ. Akwai kuma mai rami, wanda yatsu ke faɗawa ciki, ƙirar da Maltron ya fara a Ingila tun shekarun 1970, Kinesis Advantage ya biyo baya. Wasu daga cikin waɗannan sun miƙe layukan maɓallai daga sama zuwa ƙasa, sun bar karkatar da muka gada daga tafireta, wadda sandunan ƙarfen cikinta ne suka tilasta ta tun lokacin da Remington ya fara sayar da ita a 1874. Ƙirar tana da ma'ana, amma sai hannu ya sake koyo, kuma saurinka zai faɗi na wasu makonni. Wanda ya karɓi kibod irin wannan a makon da ɗalibai suka yi masa layi, kwana uku zai jefa shi a loka. Kuma in har yanzu da yatsu biyu ko huɗu kake bugu kana kallon haruffa, rababben kibod zai ƙara maka wahala ne, domin hannun da ka saba tsallakawa da shi ka danna B ko Y zai tarar da fili babu komai. Shawarata ga mafi yawan mutane ita ce su fara da mai jiki ɗaya. In sun koyi bugu da yatsu goma, suka ga har yanzu kafaɗu na matsewa, sai su matsa zuwa mai ɓari biyu.

Kada kuma ƙara da fitilu masu launi su ruɗe ka. Kibod mai sifirin a ƙarƙashin kowane maɓalli yana da daɗi kuma yana daɗewa, amma in miƙaƙƙe ne mai tudu, lanƙwasar hannu tana nan, wani lokacin ma ta fi. Abin dubawa shi ne nauyin dannawa. A jerin Cherry MX, wato wani nau'in maɓallai masu sifirin da ake bambanta su da launi, ja yana buƙatar kimanin giram 45, baƙi kuma 60, shuɗi shi ne mai ƙarar nan da ke hana abokan ofis sakat. Maɓallin yana nutsewa milimita 4, amma tun a milimita 2 harafin ya riga ya fita. Ke nan ba sai ka kai shi ƙasa da ƙarfi ba. Waɗanda suka koyi aiki a kan tafireta sun fi kowa wannan duka, kuma yatsunsu ne ke biya.

Matashin da ake sawa a gaban kibod shi ma ana amfani da shi a baibai. Wurin hutawar tudun tafin hannu ne lokacin da ka tsaya kana tunani ko karatu. In ka dasa wuyan hannunka a kai kana bugu, kana danne wurin da jijiyar ke wucewa, yatsu kuma suna miƙa su kaɗai zuwa maɓallai masu nisa maimakon hannu duka ya motsa.

Kuskure mafi haɗari shi ne ɗaukar kibod a matsayin magani. In yatsu suna sagewa har suna tashin ka daga barci, ko kofi yana suɓuce maka, ko naman gindin babban yatsa ya fara zabgewa, asibiti za ka je, ka ga likita ko masu gashin ƙashi. Ciwon suga, juna biyu da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo irin wannan sagewa, kuma babu kibod ɗin da zai taɓa su. Haka nan babu ƙirar da za ta maye gurbin tashi a miƙe jiki duk bayan rabin awa ko makamancin haka.

Masu sayen na hannu, wanda ake kawowa daga Turai, su buɗe ido a kan jerin haruffa. Na Faransa da AZERTY yake farawa, shi ne kuma wanda 'yan'uwanmu na Nijar da yawa suka saba da shi. Na Jamus ya musanya Y da Z. Na Ingila yana da dogon Enter da gajeren Shift na hagu, saɓanin na Amurka. Ana iya canza tsarin a cikin kwamfuta, amma siffar maɓallan ba ta canzuwa. Mai rubutun Hausa kuma ya tabbata akwai Alt na dama a inda babban yatsa zai kai, domin tsare-tsare da yawa da shi suke fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma ƙananan kibod sukan cire shi ko su ɓoye shi. In marar waya ne, kada ka biya sai an nuna maka ɗan abin da ake sokawa a jikin kwamfuta. Na Microsoft Sculpt, alal misali, an ɗaure shi da kibod ɗinsa tun daga masana'anta, in ya ɓata ba a samun madadinsa. Ka ce mai shago ya haɗa maka shi, ka zauna ka buga shafi guda cikakke, ka danna kowane maɓalli har da na gefe-gefe, don ƙurar da ta shige ƙarƙashinsu a can take fara nuna kanta.