Yadda za ka bi tarihin kulob ɗin kurket na Yorkshire ba tare da kanka ya ɗaure ba

In kana son sanin tarihin kurket a Ingila to ka fara da kulob ɗin Yorkshire, wata gunduma a arewacin ƙasar, don babu kulob ɗin da ya kai su ɗaukar kofin gundumomi, wato gasar da kulob-kulob na gundumomi ke karawa a cikinta, sau 33, ɗaya daga ciki rabawa suka yi da Middlesex a 1949. Amma kar ka ce sai ka haddace shekarun kofunan nan, wahala kawai za ka sha.

Fara da inda aka kafa shi. A Sheffield ne, ranar 8 ga Janairun 1863 a otal ɗin Adelphi, kuma filinsu na farko Bramall Lane, eh wanda dai masu kallon ƙwallo suka sani na Sheffield United, kurket aka fara yi a wurin kafin ƙwallon ƙafa ta zo, sai 1973 Yorkshire suka buga wasansu na ƙarshe a can. Yanzu gidansu Headingley ne a Leeds.

Daga nan ka nemi labarin Lord Hawke, kyaftin ɗinsu daga 1883 zuwa 1910, shi ya saita ƴan wasan ya koya musu ladabi har suka ci kofi takwas a hannunsa.

To ga inda nake so ka tsaya sosai. Shekara da shekaru kulob ɗin nan ba ya ɗaukar ɗan wasa sai wanda aka haifa a cikin Yorkshire, duk da shi Hawke ɗin a Lincolnshire aka haife shi. Da ƴan gida irin su Len Hutton da Fred Trueman da Geoffrey Boycott suka yi suna, amma da sauran kulob suka fara ɗauko ƙwararru daga waje sai aka bar su a baya, daga 1968 ba su sake ganin kofin ba sai 2001. A 1992 aka soke dokar, Sachin Tendulkar na Indiya ya zo yana ɗan shekara 19, shi ne baƙonsu na farko daga ƙasar waje.

In ka gane wannan za ka fi gane nauyin abin da Azeem Rafiq, haifaffen Pakistan da ya tashi a Barnsley, ya fallasa a 2020 na wariyar launin fata da ya fuskanta a kulob ɗin. Kar ka tsallake wannan babin don Allah, maganar ta kai har gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya, a 2023 kuma aka ci kulob ɗin tarar kuɗi aka zaftare musu maki 48 a gasar kofin gundumomi.

Sai ka hau YouTube ka nemo karawarsu da Lancashire, Yorkshire masu alamar farin fure, Lancashire masu alamar jan fure, tsohuwar hamayya ce ta maƙwabta. Ka dai shirya haƙuri, wasan kofin gundumomi kwana huɗu ake yi.