Idan ɗan hayarka ya ce zai sa wani a ɗaki

Tun da kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, 'yan haya suka koyi raba nauyi. Mai ciki biyu da falo ya ce zai ba wani ɗaki ɗaya. Mai shago ya ce zai gitta katako ya ba mai POS gefe. Ma'aikacin da aka mayar Abuja ya ce saura wata bakwai a kuɗinsa, bari abokinsa ya zauna ya cinye. Ni nake kula da gidajen hayarmu na gado a Rijiyar Zaki, nan Kano, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda ɗalibai ke neman ko kwanan zaure ne, don haka wannan roƙo ba ya yanke mini.

Kafin ka ce eh ko a'a, tambayi abu guda: wanda za a kawo ɗin zai biya kuɗi? In ƙanen matarsa ne ya zo karatu, ko mahaifiyarsa ta zo jinya asibitin Malam Aminu Kano, wannan baƙo ne, kuma mai gidan da ya tsaya ƙirga baƙin ɗan hayarsa zai sha surutu a unguwa. Amma da zarar kuɗi ya shiga tsakaninsu, ɗan hayarka ya zama mai gida a cikin gidanka, a nan kake da ta cewa.

Daga nan ka ɗauko takardar yarjejeniya ka duba. Takardun da lauyoyi ke rubutawa galibi suna da sharaɗin cewa ɗan haya ba zai ba wani haya ba sai da izinin mai gida a rubuce. A Legas ma dokar haya ta 2011 ta sa wannan cikin wajiban ɗan haya, sai dai in yarjejeniyarsu ta faɗi akasin haka. In kuwa da baki kuka yi, kamar yadda aka saba a cikin gari, dillali ya kawo shi ka ba shi rasit da makulli, to hannunka bai da ƙarfi sosai. Malaman fiƙihu, har da namu na Malikiyya, sun halatta wa wanda ya yi hayar gida ya ba wani haya, muddin mai shigowa bai fi shi cutar da gidan ba. Wanda ya karɓi ɗaki don kwana ba zai miƙa shi ga mai injin markaɗe ba. Idan an gindaya sharaɗi tun farko, sai a koma ga hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙi. Kana da dama, musamman a gidan da ake zaman iyali, tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, a ce za a kawo gwauro. Ka faɗa masa dalili cikin mutunci, ka kuma rubuta masa ko ta WhatsApp ne. Sai dai ka sani, wanda ya zo neman izini yawanci haya ce ta fi ƙarfinsa. In ka ƙi, ko dai ya tashi ƙarshen shekara, ko ya fara yi maka "Alhaji a ƙara haƙuri", ko ya shigo da mutumin da sunan ɗan'uwa.

Shi ya sa na fi karkata ga yarda da sharaɗi, in ɗan hayar mutumin kirki ne. Ga yadda nake yi. Ina cewa ya zo da mutumin in gan shi ido da ido. Ina karɓar kwafin katin shaidarsa mai lambar NIN, da inda yake aiki ko karatu, da sunan wanda zai tsaya masa. Sai mu rubuta takarda shafi ɗaya, mu uku mu sa hannu, da shaida ɗaya daga wajen mai unguwa. A ciki akwai sunan wanda aka amince wa shi kaɗai, ba "duk wanda ya ga dama" ba. Da ɗakin da zai zauna. Da cewa zamansa zai ƙare ranar da hayar ɗan hayata ta ƙare, ko kwana ɗaya ba zai ɗara ba. Da cewa shi ba zai sake kawo wani ba. Sai babban sharaɗin: kuɗin haya da duk wata ɓarna suna wuyan ɗan hayata na asali. In sabon ya fasa taga, ba shi zan nema ba.

Kada ka manta da abin da ƙarin mutum ke ci. Gidan da aka yi wa mutum huɗu, in suka zama bakwai, masai zai cika kafin lokacinsa, famfon burtsatse zai yi ta aiki, katin mitar KEDCO da ake haɗa kuɗi a saya zai riƙa ƙarewa kafin sati, sauran 'yan haya su fara guna-guni. Ni a kan kai nake raba kuɗin wuta da ruwa da kwasar masai, ba a kan ɗaki ba, kuma ina sa shi a takardar. Ko ka ƙara kuɗin haya? Ba a tsakiyar shekarar da ya riga ya biya ba. Ka bari lokacin sabuntawa ku zauna. Ribar da yake ci a kan ɗakin kuwa, in dai yana biyana a kan lokaci, ba na sa mata ido.

Abu ɗaya da nake jan kunnen kowa a kai: kada ka karɓi kuɗi daga hannun sabon mutumin, balle ka rubuta masa rasit da sunansa. Zai zo da ladabi, ya durƙusa, ya ce "Alhaji, ga nawa kason, na ga oga ba ya gari." Ka ce ya kai wa wanda ya sa shi. Ranar da aka je kotu, wannan rasit zai ɗaga ya ce shi ma ɗan hayarka ne, a ba shi nasa wa'adin daban.

In kana so ya zama ɗan hayarka da gaske, wannan wata hanya ce, kuma ita ta fi dacewa da shaguna da gidan da ɗakunansa ke da ƙofa daban. Ka karɓe ɗakin daga hannun na farko, ka rage masa kuɗi daidai gwargwado, ka yi sabuwar yarjejeniya da na biyu. Kowa da rasit ɗinsa. Haka kuma wanda zai bar gari gaba ɗaya: kada ka bari sunansa ya ci gaba da zama a takarda alhali yana Abuja. Ku zagaya gidan tare, a ga abin da ya lalace, ya gyara ko a cire kuɗin gyaran, shi da mai shigowa su daidaita kan ragowar watanni, kai kuma ka rubuta sabuwar takarda da mai shigowa.

Saura wanda ya riga ya sa mutum bai gaya maka ba, sai ka ga baƙuwar fuska tana shanya a tsakar gida. Kada zuciya ta ɗebe ka ka canza kwaɗo, ko ka cire rufi, ko ka yanke wuta. Doka ba ta yarda mai gida ya fitar da mutum da hannunsa ba. A Legas hukuncin yakan kai tarar naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne fitar da ɗan haya. Ka rubuta masa takarda ka nuna sharaɗin da ya karya, ka ba shi lokaci ya sallami mutumin ko ya kawo shi a yi abin da na faɗa a sama. Kada ka yi shiru kana karɓar haya shekara da shekaru bayan ka sani, don za a iya ɗaukar shirun a matsayin yarda.

In ya ƙi, sai notis. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka sani a Abuja da Legas da yawancin jihohi shi ne wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan notis na kwana 7 na niyyar karɓar gida, sannan kotu. Ka ba lauya ya rubuta, don kuskuren kwanan wata kaɗai kan jawo jinkirin shari'a. Ka kuma gaya masa akwai mutum na biyu a gidan, ya sa a kai masa kwafi, ya shigar da sunansa cikin ƙarar tun farko.